Tsoffin Dokokin da Ba a Yi wa Jana'iza Ba

Duk wanda ya taɓa karanta wata doka ta Kamaru ko ta Cadi har ƙarshenta, ko ya sa aka karanta masa, zai tarar da wata jimla da kusan ba ta canzawa a sashe na ƙarshe ko wanda yake gabansa, wato cewa an soke duk tanade-tanaden baya da suka saɓa wa wannan doka. Wani lokaci akan ƙara da ambaton wata tsohuwar doka guda da lambarta, amma sau da yawa a nan maganar take tsayawa. Jimlar tana da daɗin ji, tana kuma sa mai karatu ya ɗauka an share fili tsaf kafin a aza sabon tubali, alhali ba ta faɗi waɗanne tanade-tanade ake nufi ba, ba ta kuma faɗi wanda zai tantance abin da ya saɓa da abin da bai saɓa ba. A ganina, wani babban kaso na wahalar da mai shago ke sha a babbar kasuwar Garwa, da mai fataucin shanu a Adumri ko Bogo, da direban babbar mota a gadar Ngeli da ta haɗa Kamaru da Cadi, daga wannan shirun ya samo asali, domin hukuncin da majalisa ta kasa yankewa a Yawunde yakan faɗa hannun ma'aikacin da ke zaune bayan tebur ko jandarman da ke tsaye a bakin shinge.

Kafin a shiga batun soke dokoki, ya kamata a fahimci dalilin da ya sa ba sa mutuwa da kansu. A tsarin shari'ar da ƙasashen biyu suka gada daga Faransa, rashin aiki da doka ba ya kashe ta, ko da an shekara 60 ba a waiwaye ta ba. Tana nan da ranta har sai hukumar da ke da iko ta soke ta. Akwai kuma ƙa'idar cewa abin da ya kafa doka shi ne ke iya rushe ta, ko abin da ya fi shi daraja: dokar majalisa sai da dokar majalisa, umarnin shugaban ƙasa da ake kira dekre sai da dekre, umarnin minista ko gwamna ko prefe (shugaban gunduma) ko magajin gari da ake kira arete sai da irinsa ko abin da ke samansa. Ƙarƙashin waɗannan akwai tarin takardun sanarwa da shugabannin ma'aikatu ke aika wa na ƙasa da su, waɗanda a ƙa'ida bayani ne kawai, amma a aikace su ne ma'aikaci ya fi sani, ya fi kuma jin tsoro. Saboda haka ana iya sauya dokar majalisa a yau, a bar dekre da arete da sanarwar da aka gina a kan tsohuwar suna ci gaba da aiki a ofisoshin Marwa da Ngaundere, kamar rassan bishiyar da aka sare gindinta amma ba su riga sun bushe ba.

Kundin tsarin mulkin Kamaru na 18 ga Janairun 1996 ya ƙara wa lamarin ƙarfi a sashensa na 68, inda ya ce dokokin da ake aiki da su tun zamanin tarayya suna nan daram muddin ba su saɓa wa kundin ba, kuma ba a sauya su ba. Wannan tanadi yana da hujja, domin babu ƙasar da za ta wayi gari ba ta da doka, amma ta wannan ƙofa ce dokokin zamanin Turawa suka ratso har zuwa yau. Wani dekre na 22 ga Mayun 1924 ne ya shimfiɗa wa Kamaru dokokin da Faransa ke aiki da su a yankunan mulkinta na tsakiyar Afirka, ciki har da kundin dokokin zamantakewa na 1804 da aka rubuta a zamanin Napoleon. A ɓangaren da Ingila ta mulka kuwa, wata doka ta 1955 ta ce kotuna su yi aiki da dokokin Ingila na gama-gari kamar yadda suke a ranar 1 ga Janairun 1900. Cadi ma tana riƙe da kundin na Faransa a yadda yake a shekarar 1958, kuma daftarin dokar iyali da aka tsara tun wajejen shekarar 2000 ya maƙale saboda saɓanin da ke tsakanin malaman addini da ƙungiyoyin mata da gwamnati.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne mai kayan ya riga ya sake kayansa, mu da muka ara muna nan da tsohon. Faransa ta bai wa matar aure damar yin sana'a da buɗe asusun banki ba tare da izinin miji ba a 1965, ta cire batun miji a matsayin shugaban iyali daga kundinta a 1970, ta kuma sake fasalin dokar yarjejeniya a 2016, har shahararren sashe na 1382, wanda ya ce duk wanda ya jawo wa wani asara da laifinsa sai ya biya, ya koma lamba 1240. Lauya a Garwa ko Njamena har yanzu 1382 yake ambata a gaban alƙali. Na kawo wannan sashe ne da gangan, domin yana nuna cewa tsufa kaɗai ba aibi ba ne: abin da ya ƙunsa gaskiya ce da kowane lamido da kowane alƙalin musulunci ya sani tun kafin Turawa su zo, kuma ba wanda zai amfana idan aka soke shi. Masu kiran a share duk dokar da ta haura wasu shekaru suna auna abin da ba shi ne ya kamata a auna ba. Tambayar da ta dace ita ce ko duniyar da aka rubuta dokar dominta tana nan, da kuma ko abin da take nema daga talaka yana da wata manufa da za a iya faɗa da baki a gaban jama'a.

Dokar filaye ce ta fi fito da wannan a sarari. Dokokin 6 ga Yulin 1974 sun mayar da duk ƙasar da ba ta da takardar mallaka zuwa abin da suka kira filin ƙasa, wanda gwamnati ke kula da shi, sannan dekre na 27 ga Afrilun 1976 ya buɗe hanyar samun takardar mallaka kai tsaye ga wanda ya zauna a fili ko ya raya shi kafin ranar 5 ga Agustan 1974. A lokacin da aka rubuta wannan sharaɗi yana da ma'ana, domin shekara biyu kacal ta wuce, shaidu suna raye, kowa ya san wanda ya sare dajin. Yau fiye da shekara 50 ke nan, mafi yawan mutanen arewa ba a haife su ba a wancan lokaci, garuruwa sun ninka, unguwanni sun tsiro a inda dā gonakin dawa ne, mutane da yawa sun gangaro daga duwatsun Mandara zuwa kwarin Binuwai neman ƙasar noma, amma ranar tana nan a rubuce ba ta motsa ba. Sakamakon shi ne mai neman takarda ko dai ya bi wata hanyar mai tsawo da tsada ta neman gwamnati ta ba shi filin na wucin gadi, ko kuma a nemo dattawan da za su shaida abin da ya dace da takarda ko da bai dace da tarihi ba. Gyaran da aka yi a Disambar 2005 ya sauko da aikin daga Yawunde zuwa matakin jiha da gunduma, ya rage tafiye-tafiye, amma bai taɓa ranar ba. Shugaba Paul Biya ya yi maganar sake fasalin dokar filaye a bikin baje kolin noma da kiwo na Ebolowa a Janairun 2011, kuma shekaru sun yi ta wucewa dokokin 1974 suna nan su ne ginshiƙi.

Makiyayi ya fi manomi shiga tsaka mai wuya a wannan tsari. Dokar ta ambaci wuraren kiwo, amma ta gindaya sharaɗin a ga alamar hannun ɗan Adam ƙarara a kan ƙasar, kuma shanu ba sa barin katanga ko itacen mangwaro a bayansu. Burtalin da garke ya bi shekara da shekaru, idan damina ta wuce, a idon mai awo daji ne da ba kowa. Rikicin manoma da makiyaya kuwa ana warware shi ne bisa wani dekre na 1978 da ya kafa kwamiti ƙarƙashin su-prefe, wato jami'in mulkin da ke ƙasa da prefe, tare da wakilan ma'aikatun noma da kiwo da filaye da sarakunan gargajiya. Tsarin ba shi da laifi a takarda, sai dai an tsara shi ne a lokacin da daji yake da faɗi, mutane da dabbobi ba su kai haka yawa ba, kuma kwamiti ba ya fita sai da mota da mai, abin da a aikace yakan koma kan masu ƙara. Wanda ya fi ƙarfin aljihu shi ya fi saurin ganin kwamiti a gonarsa ko a rugarsa.

A ƙetaren kogin Lagone labarin ya fi haka tsufa. Dokar da ta tsara yawon makiyaya a Cadi ta 31 ga Oktoban 1959 ce, wato tun kafin ƙasar ta samu 'yancin kai a Agustan 1960, kuma ta ɗora a kan tunanin cewa hukuma za ta iya ƙayyade ranar da garke zai tashi da hanyar da zai bi. Tun daga lokacin an yi farin 1973 da na 1984, tafkin Cadi ya janye daga faɗin da aka san shi da shi a shekarun 1960, garkuna sun gangara kudu zuwa ƙasar auduga da dawa, masu shanun ma sun canza, domin yanzu akwai manyan 'yan kasuwa da masu muƙami da ke ɗaukar makiyaya haya. Majalisar dokokin Cadi ta amince da sabon kundin kiwo a ƙarshen 2014, amma ya tayar da ƙura sosai, musamman a kudu inda aka ga ya fifita makiyayi a kan manomi, aka janye shi bai fara aiki ba. Tsohuwar dokar ta ci gaba da zama a takarda, ba a bin ta yadda take, ba a kuma maye gurbinta ba. Ba zan ce gurguwar doka ce ta haddasa faɗan da ya ɓarke a yankin Lagone-Birni a Agusta da Disambar 2021 tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta da manoma Musgum ba, wanda ya kora dubban mutane suka tsallaka Cadi, domin ƙarancin ruwa da tsohuwar gaba da siyasar gari duk suna ciki. Abin da zan iya cewa shi ne babu wata rubutacciyar ƙa'ida da ɓangarorin biyu suka yarda da ita game da ramukan kifi da mashayar shanu wadda za a koma gare ta kafin jini ya zuba.

Ba daidai ba ne a ce ba a taɓa yin shara mai kyau ba. Har zuwa 2006 Kamaru tana shari'ar laifuka da tsari biyu, ɗaya na Faransa, ɗaya na Najeriya na 1958, sai dokar 27 ga Yulin 2005 ta haɗe su a kundi guda da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2007, ta kuma jera tsoffin dokokin da ta soke da sunayensu. Kundin hukunta laifuka na 1965 da 1967 ya ba da wuri ga na 12 ga Yulin 2016, Cadi ma ta sake nata a 2017. A fannin kasuwanci, yarjejeniyar OHADA ta daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, da aka sa wa hannu a Port-Louis ranar 17 ga Oktoban 1993, wadda ke da ƙasashe 17 ciki har da Kamaru da Cadi da Nijar, kuma sakatariyarta take Yawunde, ta kawar da tarin tsoffin dokokin kamfanoni da na bashi da na jingina a lokaci guda. Bayan gyaran da ƙungiyar ta yi a 2014, Kamaru ta fitar da doka a Disambar 2016 da ta sauke mafi ƙarancin jarin buɗe ƙaramin kamfani daga sefa miliyan 1 zuwa 100,000, ta kuma sassauta wajabcin bi ta ofishin notar, mai tabbatar da takardu a hukumance, ga masu ƙaramin jari. Sharaɗin miliyan ɗin misali ne na ƙa'idar da ba ta kare kowa, tunda mai bin bashi bai taɓa samun kuɗinsa daga wannan jarin na takarda ba, amma ta hana dubban masu sana'a fitowa fili.

Sai dai ita ma OHADA ta faɗa ramin da muka fara da shi, domin sashe na 10 na yarjejeniyar ya ce dokokinta suna aiki kai tsaye duk da wani tanadin cikin gida da ya saɓa musu, na baya ko na gaba, ba tare da an lissafa waɗanne ne suka faɗi ba. Idan gardama ta tashi, kotun ƙungiyar da ke Abijan ce ke da maganar ƙarshe. Kamfanin siminti ko banki na iya kai ƙara har can. Mai sayar da albasa a Marwa ba zai iya ba, ba ma zai san cewa takardar da ake nema a hannunsa ta daina zama wajibi ba.

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan aiki sun gano cewa bin dokoki ɗaya bayan ɗaya ba ya kai wa gaci, domin kowace ma'aikata tana da dalilin da za ta kawo don kare nata, kuma kafin a soke goma an ƙirƙiro ashirin. Abin da suka yi shi ne juya nauyin hujja. A tsakiyar shekarun 1980 Suwidin ta umarci hukumominta su shigar da duk ƙa'idojinsu a rajista guda kafin wata rana a 1986, duk wadda ba a shigar ba ta mutu da kanta ba tare da wani sabon umarni ba. Koriya ta Kudu, bayan karyewar tattalin arzikin 1997, ta ƙirga ƙa'idoji 11,125, shugaba Kim Dae-jung ya ba ministoci umarnin rage rabi, kuma cikin ƙasa da shekara guda aka soke kusan rabin. Kenya, wadda halinta ya fi kusa da namu, ta ƙirga lasisin kasuwanci 1,325 tsakanin 2005 da 2007, adadin da ya ba gwamnatin kanta mamaki, ta soke 315, ta sauƙaƙa 379. A duk waɗannan misalai mutane sun fi riƙe yawan abin da aka soke, amma ni ina ganin rajistar ce ainihin ribar. Ranar da aka ce duk izini ko kuɗin da ba ya cikin wannan littafi ba halal ba ne a neme shi, ranar ce ɗan kasuwa ya samu abin da zai nuna wa ma'aikaci, maimakon kullum ma'aikaci ne ke zaro takarda daga aljihun tebur.

Akwai kuma sharar da ta fi kama da kwalliya. Majalisar dattawan Faransa ta jagoranci soke dokoki kimanin 50 na tsakanin 1819 da 1940 a Disambar 2019, ta ƙara da fiye da 100 a 2022, kuma a 2013 gwamnatin ƙasar ta tabbatar da cewa umarnin 1800 da ya hana matan Faris sa wando ba tare da izinin 'yan sanda ba ya daina aiki. Irin wannan yana tsabtace littafi, yana ba 'yan jarida abin dariya, amma ba ya sauƙaƙa wa kowa rayuwa, domin matattun dokoki ne aka binne. Idan gwamnati a Yawunde ko Njamena ta fito gobe ta ce ta soke dokoki 500, abin da ya kamata a fara tambaya shi ne nawa ne daga cikinsu ake karɓar kuɗi da sunansu a makon da ya wuce.

Ruwanda ta bi hanya mafi tsauri a 2019, inda ta soke duk dokokin da aka kafa kafin samun 'yancin kanta a 1962, waɗanda suka haura 1,000, da doka guda. Matakin yana da farin jini, kuma na ji matasa masu karatun shari'a suna cewa haka ya kamata mu yi. Amma Ruwanda ta yi shekaru tana rubuta sababbin dokokin iyali da filaye da yarjejeniya kafin ta kai ga wannan. Idan Kamaru ko Cadi ta soke kundin 1804 a yau ba tare da madadinsa ba, alƙali zai rasa abin da zai yanke hukunci da shi a kan haya da diyya da ciniki tsakanin mutum da mutum, a shiga halin garin neman gira a rasa ido. Ƙasar ta ɗanɗana irin wannan a farkon shekarun 1990, lokacin da aka rushe hukumar sayen amfanin gona ta ONCPB a 1991 ƙarƙashin matsin masu ba da lamuni: manoman koko da kofi na kudu sun samu 'yancin sayarwa ga wanda suka so, amma kula da inganci da samar da magani da bashi sun tafi tare da hukumar, sai da aka dawo ana sake kafa ƙa'idoji. Audugar arewa ta kasance a hannun kamfanin auduga na Sodecoton, wanda aka kafa a 1974, kuma har yau ana gardama a kan ko wannan riƙo kariya ce ga manomi ko ƙangi. Amsar ta dogara da ko mutum yana kallon takin da ake ba shi bashi ne ko farashin da ake biya a ƙetaren iyaka.

Mahauta da masu fataucin dabbobi sun fi kowa sanin cewa akwai ƙa'idar da ke da amfani ko da tana da ciwo. Duba nama a mayanka da rigakafin garke kafin ya tsallaka iyaka suna cin lokaci da kuɗi, amma waɗanda suka ga yadda bushiya ta share garkuna a farkon shekarun 1980 ba za su ce a soke su ba. A wannan zamanin ne aka kafa cibiyar haɗa allurar dabbobi ta LANAVET a Bokle kusa da Garwa. An ayyana kawar da bushiya daga duniya a 2011, ciwon huhu da na ƙananan dabbobi kuwa suna nan. Aikin mai gyara shi ne ya zauna da likitan dabbobi da sarkin pawa da dillalai, a bi takardun da ake nema a hannun mai kora ɗaya bayan ɗaya, a ware wadda ke tsare lafiyar garke daga wadda amfaninta kawai shi ne ta ba wani dalilin tsayar da mota. Wannan aiki ne na haƙuri da sanin sana'a, kuma ba a iya yin sa daga ofis mai sanyi a babban birni.

Wani haɗarin kuma shi ne doka ta fita ta ƙofa ta dawo ta taga. Dokar hana zagon ƙasa ta 12 ga Maris 1962, wadda aka ɗaure mutane da yawa da ita saboda magana kawai a zamanin Ahmadu Ahijo, an soke ta ranar 19 ga Disambar 1990 cikin jerin dokokin da aka yi wa laƙabi da dokokin 'yanci. A Disambar 2014, ana tsakiyar hare-haren Boko Haram a Arewa Mai Nisa, aka kafa dokar yaƙi da ta'addanci, wadda lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka soka saboda faɗin ma'anar laifin da ta ƙunsa da kuma miƙa fararen hula ga kotun soja. Mutanen Kolofata da Fotokol, garuruwan bakin iyakar Najeriya, ba sa bukatar a gaya musu cewa barazanar gaskiya ce, amma darasin da ya shafi batunmu shi ne soke doka ba ya ɗorewa idan babu matatar da ke tace sababbin da ke shigowa. Ingila ta gwada ƙa'idar cewa duk sabuwar ƙa'ida sai an cire tsohuwa guda a 2011, wasu jihohin Amurka kuma tun shekarun 1970 suke sa wa hukumomi wa'adin da za su rushe idan majalisa ba ta sabunta su ba. Ko da ba a kwaikwayi waɗannan ba, hana amfani da jimlar nan ta soke duk abin da ya saɓa, tare da tilasta wa mai kawo daftari ya jera abin da yake sokewa da lamba da shekara, gyara ne da ba ya bukatar ko sisi daga masu ba da agaji.

Akwai kuma matsalar sabuwar dokar da ke jiran dekren aiwatarwa, domin muddin bai fito ba, da tsohon tsari ake tafiya. Kundin 1996 ya tanadi majalisar dattawa, ba a kafa ta ba sai 2013; ya tanadi majalisar tsarin mulki, sai 2018; ya tanadi majalisun jihohi, ba a zaɓe su ba sai Disambar 2020. Idan manyan cibiyoyin ƙasa sun yi wannan jira, ba abin mamaki ba ne ƙaramin tanadi da ya shafi kuɗin rumfa ya yi shekaru yana rataye.

Duk wannan bai taɓo dalilin da ya fi sa tsoffin ƙa'idoji daɗewa ba, wato akwai masu ci da su. Wasu suna ci ta halal, domin ƙaramar hukumar da kuɗin shigarta ya dogara da tikitin kasuwa da na tasha da na mayanka ba za ta saki ko ɗaya ba sai an nuna mata inda za ta samu albashin ma'aikatanta, kuma dokar ƙananan hukumomi ta Disambar 2019 ta ɗora musu ayyuka masu yawa. Wasu kuma suna ci ne ta duhun da ke tattare da rashin sanin abin da ke raye da abin da ya mutu. Ana buga dokokin Kamaru da Faransanci da Ingilishi, na Cadi da Faransanci da Larabci, alhali ciniki a kasuwannin arewa da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa da Barbarci ake yin sa. Sokewar da ba a karanta ta a gidajen rediyon yanki da waɗannan harsuna ba, ba a liƙa ta a ƙofar kasuwa da bakin shinge ba, ba a sanar da lawanai da jauraye da shugabannin ƙungiyoyin direbobi ba, ta tsaya a jaridar gwamnati ne kawai. Nan ne gwamna da prefe da magajin gari suke da abin yi ba tare da jiran majalisa ba, tunda arete da suka gada daga magabatansu a hannunsu yake, suna iya tattara shi, su soke wanda ya ƙare aiki, su buga jerin kuɗaɗen da aka halatta da adadinsu, da sunan ofishin da ke karɓa da irin rasit ɗin da zai bayar.

Hanyar Duwala zuwa Njamena ta nuna iyakar abin da ƙasa guda za ta iya yi ita kaɗai. Kaya na hawa jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ko su biyo titi, su ratsa Garwa da Marwa zuwa Kuseri, tafiyar da ta kai kusan kilomita 1,800, ƙarƙashin dokokin kwastan na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, da na Kamaru, da na Cadi, da yarjejeniyar sufuri ta 1999 da ta raba dakon kayan Cadi kashi 65 ga motocin Cadi da kashi 35 ga na Kamaru. Masana tattalin arziki sun daɗe suna cewa wannan rabo da layin jiran da ya haifar suna tsadar da dako, suna kuma barin tsoffin motoci a hanya, masu motocin Cadi kuwa suna ganin shi ne kaɗai ya hana a kore su daga jigilar kayan ƙasarsu. Shugabannin CEMAC sun tabbatar da 'yancin zirga-zirgar jama'a a taronsu na Njamena a ƙarshen Oktoban 2017, amma direban da ya taso daga Ngaundere yana ci gaba da ƙirga shingaye, wasu na tsaro ne da halin yankin ya wajabta, wasu kuwa ba wanda zai iya nuna takardar da ta kafa su. Na biyun ba sa cikin kowane littafin doka, don haka babu kwamitin gyara da zai same su ta hanyar karatu. Sai an hau mota an bi hanyar, an rubuta kowane wurin tsayawa da abin da aka nema da abin da aka biya, sannan a ajiye jerin a gaban hukumomin ƙasashen biyu, kowace ta nuna waɗanda take da hujjar riƙewa.